Shekarar Da Motoci Suka Kewaye Tuduna

Ku samarin da kuke zaune a fada bakin tasha, kuna juya shayi daga wannan kofi zuwa wancan, ina jin abin da kuke faɗi in na wuce ina tura burwetina, ɗan baron kayan aikina. Wai aikin Baba Lawali har aiki ne? A tara ƙasa a tsakiyar hanya, a shafa mata farin fenti, a rubuta talatin a jikin kwano, an gama. Ɗayanku ma, mai jan moton nan, babur ɗin da ya cire wa madubai don ya ƙara kyau, cewa ya yi a ba shi rana ɗaya ya yi wa Dakoro kaf. To, ku matsa mini gefen tabarma. Ban yi fushi ba, domin ni ma na taɓa faɗin haka da bakina, kuma na fi ku iya faɗi.

Ni da fari mai zanen bayan kamyo ne, manyan motocin kayan nan, a tashar nan. Lokacin ina saurayi, abin da ya cika mini kai shi ne ƴan littattafan soyayyar nan da ake kawowa daga Kano ranar kasuwa. Ina karanta ɗaya har bangonsa ya rabu, in ɗinke da zare in sake farawa. Saboda haka duk direban da ya ce in zana masa zaki, sai ya dawo ya tarar da fure da tsuntsaye biyu a kan reshe ɗaya. Wasu su yi faɗa. Wasu su yi shiru su tafi, bayan mako biyu su dawo su ce a ƙara fure a gefen hagu.

A nan Baba Illa ya same ni. Shi ne mai gina dodan a lokacin, wato ɗan tudun nan da ake kwantarwa a kan hanya don mota ta rage gudu, musamman a gaban lakwal, wato makarantar boko, da asibiti. Gajere ne, mai ƙaramar murya, kuma bai iya riƙe buroshi ba ko kaɗan. Yana neman wanda zai riƙa rubuta masa fano, allon da ake kafawa a gefen hanya don direba ya san akwai yara a gaba.

Fanon farko da na yi masa na wata lakwal ce a cikin gari. Kwana uku na yi a kansa. Na kewaye shi da furanni, na rubuta a tsakiya da hannuna mafi kyau: "Ya kai matafiyi mai gaggawa, sassauta ƙafarka, domin a bayan wannan katanga akwai furannin da iyayensu ke jiran dawowarsu." Na kafa, na ja da baya ina kallo, har idona ya kawo ruwa.

Baba Illa ya zo ya tsaya. Ya dubi allon sama da ƙasa. Sai ya tsayar da wani ɗan kabu-kabu, ya ce in hau bayansa, mu je can nesa mu dawo da gudu mu wuce ta gaban allon. Muka je, muka dawo.

"Mi ka karanta?" in ji shi.

Na ce, "Ya kai..."

"Sai mi?"

"Sai muka wuce, Baba."

Ya ce, "To, kai da ka rubuta ke nan. Goge shi. Jan zobe, talatin a ciki, yara biyu riƙe da hannun juna. Furen kuwa ka kai wa wadda kake so, in an samu mai karɓa."

Shekara shida na yi a ƙarƙashinsa. Kayan aikinmu ba su da yawa: diga, shebur, burweti, igiyar awo mai ƙulli-ƙulli, madaɓin ƙarfe mai nauyin da zai sa kafaɗarka ta yi maka magana da safe, sai gwangwanin fenti fari da ja. In a kan kwalta ne, siminti da tsakuwa ake yi. In jar hanya ce ta ƙauye, jar ƙasar ake jiƙawa, a zuba kaɗan a daɓe, a ƙara a daɓe, har sai ka buga dunduniya ka ji ta amsa kamar dutse. Wanda ya zuba ta gaba ɗaya don ya huta, ruwan farko zai kwashe masa aikin ya kai gonar wani.

Amma abin da Baba Illa ke fara ɗaurawa a bayan keke, kafin diga, kafin komai, tsintsiya ce. Ta kaba, irin ta tsakar gida. In an kira mu aiki, ba ya taɓa ƙasa sai an kwana uku. Da an fito sallar asuba zai sa ni in share rairayin gefen hanya, dama da hagu, taku ɗari biyu gabas da ƙofar lakwal, taku ɗari biyu yamma, har ya zama sumul kamar an shimfiɗa zane. Sai mu koma gefe mu zauna. In yara sun gama shiga aji, ya tashi ya bi sharar a sunkuye, hannu a baya, yana karanta sawu. Ga inda yara suka tsallaka. Ga inda suka taru suka tsaya. Ga inda amalanke ke sauka, ga inda awaki ke bi. Kuma dole ɗaya daga cikin kwanakin ukun ya zama ranar kasuwa.

Na taɓa tambayarsa, "Baba, ga ƙofa muna gani, mene ne na wahalar shara?"

Ya ce, "Ƙofar nan ta direkta ce da baƙi. Yaro yana da tasa ƙofar, kuma ba ya gaya ma kowa."

Na ce to. A raina kuwa na ɗauka tsufa ne. Shekara shida ina shara kamar amarya a gidan surukai, direbobi na wucewa suna yi mini hon, suna tambaya ko na iya daka.

Masu ba mu aiki kala-kala ne. Iyayen yara kullum tsauni suke so, wanda mota za ta hau ta yi kuka. Direbobi so suke a zana shi da fenti kawai. Akwai mai kantin da ya zo da asuba ya roƙi Baba Illa a matso da dodan gaban shagonsa, wai in mota ta rage gudu fasinja zai hango lemu. Akwai kuma Rabe, direban wata tsohuwar kamyo da ni na zana wa baya. Duk lokacin da ya ga ina rubuta talatin sai ya leƙo ya ce, "Lawali, ni wannan bai shafe ni ba. Allurar gudun motata tana kan sifili tun kafin a haifi yaran nan. Ban taɓa kai talatin ba a rayuwata."

Da gwiwoyin Baba Illa suka ƙi, ya koma zaman gida, aikin ya dawo hannuna. Na farkon da aka kira ni ni kaɗai a wani ƙauye ne ta wajen Ɗan Gulbi, ba sai na faɗi sunansa ba. Lakwal ɗinsu tana bakin jar hanya, da katangar ƙasa doguwa da itatuwan dogon yaro a jikinta. Kowace Talata akwai kasuwa a gaba, kamyo da motocin fasinja suna wucewa ta nan kamar an koro su. Ƙungiyar iyayen yara ce ta kira ni. Shugabansu Malam Tsahiru, manomi ne dogo mai faɗa a ji, sai direktar lakwal ɗin, Madam Barira.

Malam Tsahiru ya riƙe mini hannu ya ce, "Malam Lawali, ka yi muna shi da tsawo. Wanda direba zai tuna da shi har gida."

Ranar da zan tafi, na ɗaura diga da shebur da madaɓi, na kalli tsintsiya a jingine, na ce yau dai kin huta. Ƙofar lakwal a fili take, makaho ma zai lalubo ta. Na gina dodan biyu, ɗaya taku ashirin kafin ƙofa, ɗaya taku ashirin bayanta, kowanne ya kai rabin ƙwauri, ga shi a tsaye ƙyam kamar bakin rijiya. Na daɓe su har suna sheƙi. Na kafa fano biyu, kuma da yake babu mai hana ni, na ɗan saka fure ɗaya ƙarami a kusurwa. Mata suka fito kallo. Aka kawo mini fura. Na koma Dakoro ina jin kaina kamar jarumin littafi a shafin ƙarshe, wanda ya ceci gari ya hau doki ya tafi bai waiwaya ba.

Da na waiwaya da na ga Agali.

Agali Buzu ne, mai amalanken ruwa. Iyayensa daga arewa suka sauko suka zauna a ƙauyen. Kullum sau huɗu yake bin hanyar nan da bijiminsa, ɗauke da tano biyu, manyan gangunan ƙarfe cike da ruwan rijiya, yana kai wa gidaje. Washegarin tafiyata ya iso dodan na farko, ƙafar amalanke ta daki tudun, bijimi ya durƙusa, rabin ruwan ya zube a ƙasa. Ya koma rijiya, ya dawo, aka sake. A karo na uku bai yi gardama da kowa ba. Ya ja bijiminsa ya sauka daga hanya, ya bi ta jikin katangar lakwal, ƙarƙashin inuwar itatuwa, ya wuce tuddan biyu, ya sake hawa hanya.

Sawun amalanke ya kwanta. Masu moto suka gani, suka bi. Ranar Talata motocin fasinja suka bi masu moto, kamyo suka bi su. Kafin wata ɗaya an yi sabuwar hanya a jikin katanga, tuddana biyu suna can tsakiya su kaɗai, fari tas, awaki na kwanciya a kansu.

Ban san komai ba sai da aka aiko mini. Wata Talata, lokacin da aka saki yara shan iska, mai moto ya biyo sabuwar hanyar ya kaɗe wata yarinya a jikin katanga. Hadiza sunanta, ƴar aji biyu. Allah ya taƙaita, hannu ne ya karye. Ɗiyar Malam Tsahiru ce.

A ƙofar maigari aka zauna. Na iso na tarar da maza huɗu sun jingine digoginsu a jikin bango. Malam Tsahiru bai amsa gaisuwata ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, da babu abin ga, motoci na gudu amma a kan hanyarsu suke. Yanzu an koro muna su har jikin ɗiyanmu. A tone shi. Kuma kada a sake kawo muna wani."

Ban ce masa shi ya nemi mai tsawo ba. Shi manomi ne, ni ne mai sana'a.

Madam Barira ta ce, "Baba maigari, in anka tone, ranar Talata sai na kulle yara cikin aji tun safe har la'asar. Kun manta yadda kamyo ke wucewa da? Ni ban manta ba, daga tagata nike kallo. A bar shi ya gyara abin da ya ɓata."

Maigari ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce, "Yau Laraba. Ka je ka yi abin da za ka yi. Talata mai zuwa zan zauna da kaina a bakin hanya. In ƙafar mota ɗaya ta sauka daga hanya ta nufi katanga, mutanen ga za su tone komi kafin azahar, kuma magana ta ƙare."

A daren ban tsaya ba, na koma Dakoro, da safe na shiga wurin Baba Illa. Yana zaune a kan tabarma ya miƙe ƙafafu, ana shafa masa man zafi. Na ba shi labari tun daga farko, har da kyan da tuddan suka yi. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Ka share?"

Na ce, "Ban share ba, Baba."

"To, mi ka zo nema wurina? Tsintsiya ta ƙare a kasuwa?" Ya ɗan yi dariya, sannan ya daina. "Hannun yarinya zai haɗe, in Allah ya so. Tafi. Kuma in ka je, ka nemi mai amalanken ka gaishe shi, shi ne kaɗai ya gaya maka gaskiya a garin."

Asubar Juma'a na share gefen hanyar nan, dama da hagu, har jikin katanga. Mutanen da ke fitowa daga masallaci suka tsaya suna kallon mutumin Dakoro da ya karya hannun yarinya ya dawo yana shara. Wani ya ce hala hukuncin da maigari ya yanke mini ke nan. Da yara suka shiga aji na sunkuya ina dubawa, sai na ji inuwa a kaina. Agali ne, rawani ya rufe masa baki, sanda a kafaɗa.

Ya ce, "Kana karantawa daga ƙarshe. Zo nan."

Mutumin da ya tashi yana bin sawun raƙuma a daji, sawun ƴan lakwal wasa ne a wurinsa. Ya nuna mini da bakin sanda. Ko yaro ɗaya bai tsallaka hanya a gaban ƙofa ba. Suna fitowa su karya kudu, su bi inuwar katanga a jere har ƙarshenta, sannan su tsallaka daga kusurwa, domin a ɗaya gefen, daidai nan, Inna Cima ke suyar fanke. Ko da safe ta nan suke zuwa, don wanda aka ba dala biyar sai ya biya ta wurinta. Ashe jikin katangar nan hanyar yara ce tun kafin a san ni, ni kuma na ɗauko motocin Talata na zuba a kanta. Dodan na kudu ma, wanda na fi alfahari da shi, kafin a kai kusurwa yake. Direban da ya haye shi yana sake taka mota daidai inda yara ke tsallakawa.

Na ce wa Agali, "Amma kai ma da ka daure ka riƙa hawa."

Ya ce, "Bijimina ba ya ƙin tudu. Kullum yana hawan tudun rairayi da tano biyu. Naka ba tudu ba ne, katanga ce ka kwantar."

Abu mafi sauƙi shi ne a dawo da Inna Cima gefen lakwal, kowa ya huta da tsallaka. Na je na durƙusa gaban kaskonta. Tsohuwa ce kakkaura, tana juya fanke da tsinke ba ta ko kallon mai. Na tattaro duk abin da littattafai suka koya mini. Na ce mata ita ce uwar yaran nan ta biyu, ƙamshin suyarta ne ke tashe su da safe, inuwar dogon yaro tana can tana jiranta kamar yadda ƙasa ke jiran ruwan farko.

Ta saurara har na ƙare. Ta ce, "Ɗan nan, ko marigayi da yana nemana bai yi mini irin wagga magana ba. Ungo fanke." Na karɓa. Ta ce, "Amma ba ni tashi. Nan iska ke kai hayaƙi daji, can cikin aji za ta kai shi, Madam ta kore ni. Kuma nan masu zuwa rijiya ke biyowa. Kai da ka zo jiya, kai za ka matsa."

Ni na matsa. Na rushe dodan na kudu gaba ɗaya, na mayar da shi taku talatin bayan kusurwa, yadda ƙofa da wurin tsallakar yara duk suka shiga tsakanin tuddan biyu. Na arewa na sare masa kai. A nan ne aikin yake, ku masu cewa rana ɗaya. In ya yi tsaye, amalanke ba ta hawa. In ya kwanta da yawa, kamyo ba ta jin sa. Sai ka ba shi hawa mai tsawo, taku biyu, da bisa mai faɗi, da sauka taku biyu, tsayinsa kuma kada ya wuce tafin hannu da ɗan yatsa biyu. Mai tafiya a hankali zai wuce kamar a kan tabarma, mai gudu kuwa kansa zai gaisa da rufin mota.

Ba ni da abin awon da ya fi Agali. Na ce ya cika tano har baki, ya cire murfi, ya hau. Ya hau, ruwa ya fantsama. Na sare, na jiƙa, na daɓe. Ya sake hawa, ruwa ya ɗan zuba. Na sake. Sau biyar muka yi ranar Asabar, bijimin har ya fara kallona da wani ido. A na shida ruwan ya yi rawa ya koma ya kwanta. Agali ya leƙa cikin tano, ya ce, "Yanzu ka yi tudu."

Saura toshe ɓarauniyar hanyar, domin direban da ya saba ba ya daina sabo don an gyara. Na aika wa Rabe. Ranar Lahadi sai ga shi da tsofaffin tayoyin kamyo da ya tsinto a tasha, sun fi ashirin. Ya sauke yana cewa, "Ga su nan, Lawali mai tsauni. Ni ma na bi ta jikin katangar nan sau biyu, kada ka gaya ma kowa." Ramuka ashirin ba aikin mutum ɗaya ba ne a kwana biyu. Madam Barira ta je ta samo mazan nan huɗu masu diga, ta ce tunda an riga an wasa digogin, a fara da wannan. Uku suka zo. Muka binne tayoyin rabi a ƙasa, a jere daga tudu zuwa tudu, na shafa musu fari. Fenti ba ya zama a kan jar hanya, don haka wurin tsallaka sai na jera fararen duwatsu a gefe da gefe, daga kusurwar katanga zuwa gaban kaskon Inna Cima. Ban kwana uku ina shara ba kamar yadda aka koya mini, kuma ban ga sawun ranar kasuwa ba. Wannan shi ne abin da ya hana ni cin abinci ranar Litinin.

Talata tun hantsi aka kawo wa maigari kujera a ƙarƙashin dogon yaro. Masu diga suka zauna a bayansa, har da ukun da suka taya ni, suna kau da kai in mun haɗa ido. Malam Tsahiru yana tsaye, hannu a ƙirji. Rabin gari ya fito.

Masu moto suka fara zuwa, suka rage, suka haye. Agali ya wuce da tanonsa bai ko kalle mu ba. Motocin fasinja biyu suka zo, ta farko ta raina tudun, muka ji fasinja sun yi salati gaba ɗaya, ta biyu ta ga abin da ya faru ta bi a hankali. Rabe ya zo ya haye kamar mai ɗauke da ƙwai, ya leƙo ya gaida maigari da hannu biyu, har sai da aka ce masa ya riƙe sitiyari.

Wajen ƙarfe goma aka buga ƙarfen shan iska, yara suka fito suka bi jikin katanga yadda suka saba. A daidai lokacin muka ji ƙarar wata kamyo daga arewa, shaƙe da buhuna, mutane a bisa. Direban ba ɗan yankin ba ne sosai, amma ya san ɓarauniyar hanyar. Bai rage ba. Yana isowa ya karya kan mota zuwa katanga yadda ya yi makon jiya, sai ya ga fararen tayoyi a gabansa. Ya taka birki, motar ta yi kuka, buhuna suka motsa, na bisa suka rungume juna. Ta tsaya. Ya ja da baya, ya daidaita, ya haye dodan a hankali yana zagin wanda ya gina shi da iyayensa. Na amsa a raina, na ce na ji, na gode.

Yara ba su ma san an yi ba, hankalinsu na kan fanke. Amma manya sun gani. Wani daga cikin masu diga ya ce, "Kamar fa ƙafar gaba ta sauka."

Maigari ya ce, "Tsahiru, kai ne mai ƙara. Je ka duba muna."

Malam Tsahiru ya taka zuwa wurin, ni ma na bi shi a baya. Sawun yana nan ɓaro-ɓaro. Tayar gaba ta sauka daga jar hanya ta shiga rairayi kamar tsawon kamu ɗaya, ta tsaya dab da tayar da muka binne. Ba sai an kira Agali ba, ni ma na iya karanta wannan. Bisa sharaɗin maigari, an gama.

Ya daɗe a tsaye yana kallon sawun. Sannan ya ɗaga kai ya dubi kusurwa. Yara na tsallakawa tsakanin fararen duwatsu, wata motar fasinja ta tsaya cak tana jiransu, abin da garin bai taɓa gani ba. Hadiza na cikinsu, hannu ɗaya ɗaure a wuya da ɗankwali, ɗayan riƙe da fanke, tana faɗa da wata a kan wa zai riga isa.

Malam Tsahiru ya sa takalminsa a kan sawun, ya ja rairayi sau biyu, ya shafe shi.

Maigari ya ɗaga murya daga kan kujera. "Tsahiru, mi ka gani?"

"Ranka ya daɗe, ban ga komi ba," in ji shi. Ya juyo gare ni, karon farko tun da na dawo garin, ya yi ƙasa da murya. "Malam Lawali, nan wurin yana son taya ɗaya kuma. Ka kawo, ni zan haƙa ramin."